Raɗaɗin Bayan Tiyata da Mas'alar Na'urar Lantarki a Asibitocin Ibadan

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Ibadan, tun daga Sabo wadda aka keɓe musu a shekarar 1916 saboda fataucin goro da shanu, har zuwa Ojoo da ke bakin hanyar Oyo, inda manyan motocin Arewa suke yada zango kafin su gangara Ikko, ya san cewa akasarin jama'ar nan da ƙarfin jikinsu suke ci: 'yan dako masu sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a kasuwar Shasha, da direbobi da yaran mota, da 'yan acaɓa, da mahauta, da masu kora dabbobi a karar Akinyele. Irin wannan sana'a kuwa tana da irin cututtukan da take jawowa, domin ɗaukar kaya mai nauyi yana fito da ƙaba da gwaiwa, hanya tana kawo karaya wadda wani lokaci takan fi ƙarfin mai ɗori, matan unguwa kuma, kamar matan ko'ina, akwai waɗanda haihuwa takan zo musu da gardama sai an yi musu aiki. Saboda haka ƙafar mutanenmu ba ta ɗaukewa daga ɗakunan tiyata na garin, ko a babban asibitin koyarwa na UCH wanda aka buɗe a 1957, ko a Adeoyo, ko a ƙananan asibitocin kuɗi da suka cika unguwanni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan aikin, watau sa'ad da maganin barci ya saki mutum, ya farka ya tarar da ɗinki a cikinsa, zogi ya taso masa. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan asibiti, suna ɗaukar wannan raɗaɗi a matsayin abin da ba makawa, wanda ba shi da magani sai haƙuri. Amma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa illarsa ba ta tsaya ga wahalar da mai shi yake sha ba, gama wanda aka tsaga masa ciki ko ƙirji, idan kowane numfashi yana tsikarinsa, to, ba zai ja iska ta cika huhunsa ba, ba zai yarda ya yi tari ya fitar da majina ba, ba kuwa zai tashi ya taka ƙasa ba. Daga nan sai majina ta kwanta a huhu ta zama ciwo, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, hanji ya yi nawar komawa aikinsa, kwanakin jinya su ƙaru, kuɗin gado ya ƙaru a kan iyalin da tun farko da karo-karo suka haɗa kuɗin aikin. An kuma lura cewa raɗaɗi mai tsanani da aka ƙyale a kwanakin farko yana cikin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon da yakan zauna wa mutum a wurin ɗinki watanni bayan rauni ya warke. Akasarin malamanmu na fiƙihu kuwa ba su ce neman magani yana warware tawakkali ko yana rage ladan haƙuri ba, kuma Ibn Sina da kansa, a cikin littafinsa Al-Ƙanun, ya rarrabe ciwo iri goma sha biyar, ya yi bayanin magungunan da ke kashe shi.

To, da me ake kashe shi a asibitocinmu? A ƙa'ida, babban makamin raɗaɗin tiyata shi ne mofin da danginsa, sannan a haɗa da farasitamol da irin su diklofenak. Amma mofin ya yi ƙaranci a ƙasar nan ƙwarai, har wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa abin da Nijeriya take samu na wannan jinsin magani bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatar masu jinya mai tsanani ba. Abin da aka fi dogara da shi a ɗakunan kwanciya shi ne allurar fentazosin, wadda ƙarfinta yake da iyaka, kuma sau da yawa sai ɗan'uwan majinyaci ya fita ya sayo kafin a yi, idan kuwa aljihu ya yi sanyi sai a tsallake lokaci. Kowane ɗaya daga cikin magungunan nan yana da nasa aibi: dangin mofin suna sa tashin zuciya da amai da taurin ciki da yawan barci, suna iya danne numfashi, dangin diklofenak suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna iya ƙara zubar jini. A bayan duk wannan kuma ga fitinar tiramadol, wadda ba sai an gaya wa mazaunin tashar mota labarinta ba, tun da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba. Likita yana tsoron ya ba da, majinyaci yana buƙata, a tsakanin tsoron da buƙatar ne aka fara waiwayar duk wata dabara da za ta rage zogi ba tare da an ƙara ƙwaya ba.

Ɗaya daga cikin dabarun nan ita ce na'urar da ake kira TENS, 'yar ƙarama wadda ba ta wuce tafin hannu ba, mai aiki da batir, wadda wayoyi suke fita daga jikinta zuwa wasu 'yan faya-fayai masu danƙo, biyu ko huɗu, da ake mannawa a fata a gefe da gefen ɗinki, nesa kaɗan da bakin raunin. Idan aka kunna ta sai ta riƙa aika lantarki mai rauni ƙwarai, bugu-bugu, wanda mutum yake ji kamar tsikari ko jijjiga a ƙarƙashin fata, kuma akwai maɓallin da ake murzawa a ƙara ƙarfinsa ko a rage. Ba ta huda fata, ba ta sa maye, ba a jarabtuwa da ita, kuma da yake batir ne abincinta, ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ita, abin da ba ƙaramar falala ba ce a wurinmu.

Asalin tunanin tsoho ne. Wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus, wanda ya yi zamani da sarki Kalaudiyas a ƙarni na farko na Miladiyya, ya rubuta cewa a ɗora kifin teku mai lantarki a kan mai ciwon kai ko ciwon gaɓɓai har wurin ya mutu. Abdullaɗif al-Bagadadi kuma, a cikin bayaninsa na ƙasar Masar wajen shekara ta 1200, ya siffanta kifin Nilu mai girgiza hannun wanda ya taɓa shi, wanda shi ne minjiryar da masuntanmu na Kwara da tafkin Cadi suka sani. Sai dai hujjar ilmi ba ta samu ba sai a 1965, lokacin da Ronald Melzack na ƙasar Kanada da Patrick Wall na Ingila suka wallafa ra'ayinsu a mujallar Science, cewa saƙon ciwo ba ya zarcewa kai tsaye daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta wata mahaɗa a cikin laka wadda suka kamanta da ƙofa mai buɗewa da rufewa. Jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon ciwo sirara ne, masu ɗauke da saƙon taɓawa da shafa kuwa kaurara ne masu sauri, kuma idan kaurarar nan suka motsa sai su tayar da wasu ƙwayoyin jijiya a cikin laka waɗanda aikinsu shi ne danne saƙon sirarar. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya buge ƙwaurinsa yake kai hannu ya murza wurin tun kafin ya yi tunani. Na'urar tana yin wannan murzar ce da lantarki, ba tare da hannu ya taɓa rauni ba. Daga baya binciken da Kathleen Sluka da abokan aikinta suka yi a jami'ar Iowa ya nuna cewa lantarkin yana kuma motsa hanyoyin da jiki yake kashe ciwo da sinadaransa na kansa, masu kama da mofin, kuma bugun da ke tafiya a hankali, ƙasa da goma a daƙiƙa, yana bin hanyar da mofin yake bi, saboda haka yakan yi rauni ga wanda jikinsa ya saba da irin waɗannan ƙwayoyi, alhali bugu mai sauri, wajen ɗari a daƙiƙa, yana bin wata hanyar dabam. Ma'aikacin da ke jinyar matashin da ya daɗe yana shan tiramadol ya kamata ya riƙe wannan.

Amfani da ita bayan tiyata ya faro ne a Amurka a farkon shekarun 1970, inda Alan Hymes da abokansa suka ba da labarin nasara mai yawa, sauran asibitoci suka bi sahu, har aka yi zaton an gama magana. Sai a 1996 wasu masana a Oxford, cikinsu da Dawn Carroll da Henry McQuay da Andrew Moore, suka tattara rahotannin suka tace su, suka ware waɗanda aka raba majinyata da ƙuri'a, wasu a sa musu na'urar gaske wasu kuma ta jabu ko wani abin gwadawa, daga waɗanda likita ne ya zaɓi wanda zai sa wa. Abin da suka samu ya girgiza masu goyon bayanta: a cikin bincike 19 da ba a yi ƙuri'a ba, 17 sun ce tana da amfani, amma a cikin 17 da aka yi ƙuri'a, 15 ba su ga wata fa'ida ba. Ma'anar wannan a fili take, watau son zuciyar mai bincike da kyakkyawan zaton majinyaci suna iya haifar da nasarar da babu ita. Wannan hukunci ya shiga littattafan koyarwa, kuma ina kyautata zaton yana cikin dalilan da suka sa manyan likitoci da yawa, waɗanda suka yi karatu a wancan zamani, har yau suke ɗaga kafaɗa idan aka ambaci na'urar.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba, domin a 2003 Jan Magnus Bjordal na ƙasar Norway, tare da Mark Johnson na Leeds da wata abokiyar aikinsu, sun sake duba mas'alar ta wata fuska, suka yi tambayoyi biyu da na farko ba su ba su haƙƙinsu ba. Ta ɗaya, me aka auna? Majinyacin da yake da damar neman ƙarin allura duk sa'ad da ciwo ya tsananta, ko da na'ura ko babu, zai kai kansa ga sauƙi iri ɗaya, saboda haka abin da ya dace a ƙirga shi ne yawan maganin da ya buƙata. Ta biyu, da wane ƙarfi aka kunna na'urar? Da suka tattara bincike 21 na ƙuri'a, masu majinyata 1,350, sai suka ga na'urar ta rage shan magani da kashi 26.5 cikin 100 a jimlace. Da suka raba su kuwa, sai waɗanda aka murza musu ƙarfi har suka ji shi sosai, ba tare da ya zama ciwo ba, a kusa da rauni, suka nuna ragin kashi 35.5, waɗanda ba a tabbatar an yi musu haka ba kuwa ragin nasu bai wuce kashi 4.1 ba. Ashe da yawa daga cikin gwaje-gwajen da suka kasa, an yi su ne da lantarkin da bai kai ya yi aiki ba. A 2016 ƙungiyoyin likitocin ciwo da na sa barci na Amurka, a cikin jagorar da suka fitar kan raɗaɗin bayan tiyata, sun shawarci likitoci su duba yiwuwar haɗa na'urar da sauran magunguna, amma suka bayyana shawarar a matsayin mai rauni, hujjarta kuma matsakaiciya. A 2022 Johnson da jama'arsa suka tattara bincike 381 a kan ciwo iri-iri, suka kai ga cewa zogi yana raguwa a lokacin da na'urar take aiki da kuma jim kaɗan bayan an kashe ta.

Abin da na fahimta daga wannan saɓani, kuma nake ganin shi ne ra'ayi mafi rinjaye, shi ne cewa na'urar tana da fa'ida ta haƙiƙa amma matsakaiciya, mai gajeren zango, mai sharaɗi. Matsayinta a wajen maganin ciwo matsayin nafila ne a wajen farilla: tana cike giɓi, tana ƙara alheri, amma ba ta ɗauke wajibi. Na dage a kan wannan ne saboda na san halin wurin da abu ya yi ƙaranci, inda ba wuya a mayar da dabarar taimako ta zama uzurin hana mutum haƙƙinsa, a manna wa matar da aka yi wa aikin haihuwa faya-fayai biyu a ce ai an ba ta magani. Wanda zai kwaɗaitar da ma'aikata ga na'urar nan da hujjar cewa za ta maye gurbin allura, gara ma ya bar ta a cikin kwali.

Sauran tambaya ita ce, me ya sa abu mai sauƙi haka bai zama ruwan dare a ɗakunan tiyata ba, a garin da jami'arsa ce ta fara ba da digirin aikin gashi, watau jinyar gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, a Nijeriya tun 1966, kuma inda Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka shafe shekaru suna fafutukar a ɗauki ciwo da muhimmanci? Dalili mafi girma a ganina shi ne na rabon aiki. Na'urar a al'adance kayan sashen gashi ce, su ne suka karanta ta, a ɗakinsu take kwana; su kuwa ba su da yawa, kuma ba su ne ke tsaye a kan majinyaci da tsakar dare ba, lokacin da zogi ya fi tsananta. Nas ita ce take nan, amma ba ta yin abin da ba a rubuta a takardar majinyaci ba, likitan tiyata kuma ba ya rubuta abin da bai saba da shi ba. Ga kuma ƙarancin hannu, musamman a 'yan shekarun nan da ma'aikatan jinya suke ta ƙaura zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya: nas ɗaya mai kula da gadaje masu yawa, allura ba ta cin mata fiye da 'yan mintoci, na'ura kuwa tana buƙatar a goge fata, a manna, a yi bayani, a murza a hankali, a dawo bayan ɗan lokaci a ƙara ƙarfi saboda jiki yakan saba da tsikarin har ya daina jinsa. Sannan faya-fayan suna rasa danƙonsu, kuma ba ya halatta a cire daga jikin wani a manna kusa da ɗinkin wani, ga batir yana ƙarewa. Idan ba a sa waɗannan a cikin kasafin ɗaki ba, na'urar da aka kawo da biki za ta ƙare a aljihun tebur. Saboda haka kwaɗaitarwa ta gaskiya ba ta samuwa da lacca ɗaya da hoto a bango. Tana samuwa ne idan likitan tiyata da na sa barci suka sa ta a cikin umarnin da suke rubutawa bayan aiki, sashen gashi ya koya wa nas-nas hannu da hannu har su gwada ta a damtsensu su san yadda ake ji, aka naɗa mutum ɗaya a kowane ɗaki mai alhakin batir da faya-fayai, aka kuma riƙa rubuta ma'aunin ciwo da adadin allurar da kowa ya karɓa, domin ma'aikaci ya fi gaskata abin da ya gani a littafin ɗakinsa fiye da abin da aka karanto masa daga Turai.

Akwai kuma wata wahala da ta keɓanci mutanen Sabo da Ojoo, kuma ita ce ta fi damuna. Mun ga cewa dukan amfanin na'urar ya rataya ne ga ƙarfin da aka kunna ta, wannan ƙarfi kuwa ba a karanta shi a jikin allo, daga bakin majinyaci ake jinsa, shi ne zai ce yanzu na fara ji, ƙara, ƙara, to tsaya nan. Haifaffen Sabo yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, amma ɗan ci-ranin da ya sauka Ojoo daga Sakkwato ko Maraɗi, ko amaryar da aka kawo daga ƙauye, ba Yarbanci ba Turanci, nas kuma ba Hausa. Bayan harshe ga tarbiyya, domin an rene mu a kan cewa raki abin kunya ne, mace ba ta kuka a naƙuda, namiji ba ya nishi a gaban baƙo, kuma duk wanda aka tambaya yaya jiki, ko da yana cizon leɓe, amsarsa ita ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Nas ɗin da ba ta san wannan ba za ta rubuta cewa ba ya jin ciwo. Idan kuma aka zo da waya za a manna masa, aka ce lantarki ne, shi kuwa abin da ya sani game da lantarki shi ne yana kisa, to, da ya ji tsikarin farko zai ce ya isa, don tsoro ko don kada ya wahalar da ma'aikaciya, a bar shi da ƙarfin da bincike ya riga ya nuna ba ya tsinana kome. Maganin wannan shi ne a yi bayani tun kafin a shiga da shi ɗakin aiki, yana cikin hayyacinsa, da harshensa, a gwada masa a hannu, a ba shi maɓallin ya murza da kansa, a sanar da shi cewa ya ƙara ƙarfi kafin ya yi tari ko ya juya ko ya tashi zuwa bayi, domin a lokacin motsi ne ciwo yake tsananta kuma a nan ne aka fi buƙatar taimakonta. Mai jinyar da ke kwana a gefen gado, wanda ba a rasa shi a wurin Bahaushe, shi ma a koya masa. Kuma tun da ɗinkin ƙaba da na haihuwa a mara suke, a lura da sha'anin al'aura, mace ta manna wa mace, a ja labule. In ba haka ba za a ƙi na'urar a kan dalilin da ba za a faɗa wa likita ba. A nan sarakunan Hausawa na unguwannin da limaman masallatai da ƙungiyoyin 'yan agaji suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba, watau su tanadi amintattun tafintoci, maza da mata, waɗanda asibiti zai iya kira.

Wajibi ne kuma a san inda aka hana. Ba a sa ta ga wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ba a manna ta a gaban wuya ko a kan ido ko a kan fatar da ta sale ko wadda ba ta da ji, ba a sa ta a cikin mai juna biyu ko a ƙafar da jini ya daskare a cikinta, kuma mai farfaɗiya sai da shawarar likita. Illar da aka fi gani ita ce ƙaiƙayi ko jan fata a wurin danƙo. Haka nan ciwon da ya sauya kama bayan tiyata, ya zo da zazzaɓi ko kumburin ciki ko ruwa daga ɗinki, ba na na'ura ba ne, na komawa wurin likita ne da gaggawa. Na faɗi wannan ne saboda ire-iren na'urar sun riga sun shigo kasuwa, 'yan talla suna yawo da su a tashoshin mota suna cewa suna maganin hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, wanda duk ƙarya ce, kuma irin wannan talla tana ɓata sunan abin a idon likitoci.

Wurin da nake zaton fa'idarta za ta fi bayyana ga jama'armu shi ne makon farko bayan sallama. Ɗan dakon da aka yi wa aikin ƙaba yakan koma ɗakin da suke kwana su da yawa, ba mai dafa masa, ba kuma abin da ke shigowa sai ya fita, zogi yana hana shi barci, kemis kuwa yana bakin layi, kuma abokan sana'a sun san ƙwayar da ke sa mutum ya manta da ciwo ya ɗauki buhu. Asibitin da ya riga ya koya masa na'urar a kan gado yana iya ba shi aronta na kwana bakwai ko goma, tare da farasitamol da sauran abin da likita ya rubuta, a bisa lamunin sarkin unguwa ko shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa, ya dawo da ita ranar da zai zo a cire masa zare.